Karanta Lambobin Injin Mota da Sikana: Tambayoyi da Amsoshi

Yawancin waɗanda suka mallaki sikana, wato na'urar da ake jonawa a mota ta karanta bayanan kwamfutar injin, wuri ɗaya suke tsayawa: su jona ta, su karanta kod, su goge, fitilar cek injin ta mutu, hankali ya kwanta. Bayan kwana uku fitila ta dawo. Alhali abin da ya fi amfani a na'urar yana shafi na gaba, inda lambobi ke ta motsi injin yana aiki, wanda masu sana'a ke kira laif data. Ga tambayoyin da aka fi yi mini a kansa. Na fi mayar da hankali kan injin fetur, domin a nan ne ƙa'idojin suka fi zama ɗaya tsakanin kamfanoni.

Mene ne laif data, kuma me ya raba shi da kod?

Kod hukunci ne da kwamfutar injin ta yanke bayan ta ga wani abu ya wuce iyaka. Laif data kuwa shaidun da ta saurara ne kafin ta yanke hukuncin. Idan ka ga P0171, abin da aka gaya maka kawai shi ne haɗin iska da mai ya yi ƙarancin mai a ɓangare na 1 na injin. Ba a ce maka tiyo ne ya tsage ba, ba a ce famfon mai ne ya gaji ba, ba a kuma ce sensa ce ta lalace ba. Wannan sai ka koma wurin shaidu.

Akwai abin da nake so ya zauna maka tun daga farko: lambar da ke kan gilashin sikana ba ita ce gaskiyar abin da ke cikin injin ba, abin da kwamfuta ta yarda da shi ne. Kuma lambobin iri uku ne a cakuɗe a jeri ɗaya. Akwai abin da sensa ta faɗa mata, kamar zafin ruwa. Akwai abin da ta lissafa da kanta, kamar nauyin aikin da ke kan injin. Akwai kuma umarnin da ta bayar, kamar buɗe wani bawul. Ganin an rubuta bawul ya buɗe kashi 30 cikin 100 ba ya nufin ya buɗe ɗin. Yana iya yiwuwa an dai umarce shi ne, shi kuma yana nan a maƙale.

Kowace mota ce za ta nuna waɗannan bayanai?

Tsarin da ake kira OBD-II ya zama dole ga ƙananan motocin da ake sayarwa a Amurka daga samfurin 1996. A Tarayyar Turai irinsa mai suna EOBD ya hau kan motocin fetur a 2001, na dizal kuma a 2004. Soket ɗin mai ramuka 16 ne, galibi ƙarƙashin dashbod kusa da sitiyari. Motar da aka ƙera domin wata kasuwa daban tana iya samun soket ɗin amma ta ƙi magana da ƙaramar sikana, musamman tsofaffi.

Dokar hayaƙi ce ta haifi tsarin, shi ya sa abin da kowace sikana ke iya gani ya taƙaita ga abin da ya shafi ƙonewar mai da hayaƙi. Bayanan giya, birki da jakar iska, wannan harshen kowane kamfani ne na kansa, sai na'urar da ta iya shi.

Ƙaramar da ake haɗawa da waya ta isa, ko sai babba?

Ga yawancin abin da zan faɗa a nan, ƙaramar nan da ake kira ELM327 tare da manhaja a waya ta isa ka fara, in dai ba jabun da ke yanke magana a tsakiya ba ce. Babbar ta fi ta da abu biyu: tana karanta bayanan kamfani, tana kuma iya ba da umarni, ta kunna fanka ko ta kashe nozul ɗaya don ka ga yadda injin zai amsa. Amma na ga mai babbar na'ura da bai san ma'anar LTFT ba, ɗaya daga cikin lambobin da za mu zo kansu, na kuma ga mai ƙarama da ya gano ciwon mota cikin minti goma.

Lambobi sun fi arba'in. Daga ina zan fara?

Ka fara kafin ka tayar da injin. Motar da ta kwana ba a kunna ta ba, murɗa makulli fitilun dashbod su kama, ka tsaya nan. A wannan lokacin ne ƙaryar sensa ta fi saurin tonuwa, domin ka riga ka san amsar da ya kamata ta bayar.

Zafin ruwa, wato ECT, da zafin iskar da ke shiga, wato IAT, su yi kusa da juna, su kuma yi kusa da zafin wurin da motar ta kwana, bambancin bai wuce digiri uku zuwa biyar ba. Idan ɗaya ta ce 28°C ɗaya ta ce 5°C, tun kafin fistin ya motsa ka kama mai ƙarya. MAP, mai auna matsin iska a manifol, wato bututun da ke raba wa silindoji iska, ta nuna matsin iskar waje: kusan 101 kPa a bakin teku, kusan 90 a wuri mai tsayin mita 1,000. RPM, wato yawan juyawar injin a minti ɗaya, ya zama sifili. Batir mai lafiya ya nuna 12.4V zuwa 12.6V ko ƙasa da haka kaɗan, tunda makulli na buɗe.

Sai ka taka totur a hankali har ƙasa, ka saki a hankali, idonka na kan lambar. Ta hau sumul, ta sauko sumul, babu tsalle babu faɗuwa. Kada ka damu idan ba ta fara daga sifili ba ko ba ta kai 100 ba. A motoci da yawa tana farawa ne daga 10% zuwa 20%, ta tsaya wajen 80%.

Idan ka ga −40°C, ba sanyi ba ne. Ita ce lamba mafi ƙasa da tsarin ke iya nunawa, kuma ma'anarta wayar sensa ta katse ko soket ya fita. Idan kuma injin mai sanyi ya nuna 130°C ko sama, wayoyin sun haɗe ne.

Me ake nufi da OL da CL?

Injin fetur yana neman giram 14.7 na iska a kan kowane giram 1 na mai. Lokacin da aka tayar da shi da sanyi, sensar oksijin da ke auna hayaƙi a salansa ba ta fara aiki ba, don sai ta kai zafin kusan 300°C, saboda haka kwamfuta tana zuba mai ne bisa jadawalin da ke cikinta ba tare da jin sakamako ba. Wannan shi ne OL. Da sensa ta yi zafi, kwamfuta ta fara sauraron ta tana gyara mai bisa abin da ta ji, an shiga CL ke nan. A motocin zamani wannan ba ya wuce minti ɗaya ko biyu.

Komawa OL idan ka take totur har ƙasa, ko ka sake shi gaba ɗaya a gangare, ba matsala ba ce, haka aka tsara. Matsala ita ce injin ya yi zafi, yana silo, amma ya ƙi shiga CL. Kuma duk abin da zan faɗa a kan gyaran mai a ƙasa, sai a CL yake da ma'ana.

STFT da LTFT fa? Su ne suka fi rikita ni.

Da za a ce in zaɓi lambobi biyu kacal a cikin jerin, su zan ɗauka. Su ne ke nuna yawan gyaran da kwamfuta ke yi wa man da ta lissafa tun farko. Ta auna iska, ta ce wannan iskar mai kaza take buƙata, ta zuba. Sai sensar oksijin ta dawo mata da labari daga salansa: ya yi kaɗan, ko ya yi yawa. Idan ya yi kaɗan ta ƙara, lamba ta zama mai alamar +. Idan ya yi yawa ta rage, lamba ta zama mai alamar −.

STFT gyaran nan take ne, kullum yana rawa sama da ƙasa, kuma rawar tasa lafiya ce. LTFT kuwa abin da kwamfuta ta koya ne ta ajiye. Idan ta ga STFT ya daɗe yana ƙara kashi 12, sai ta kwashe wannan nauyin ta ɗora wa LTFT, shi STFT ya koma kusa da sifili. A nan mutane da yawa ke ruɗuwa: su ga STFT a +1% su ce lafiya lau, ba su lura LTFT yana +18% ba. Haɗa su biyun ake yi. +1 da +18 ya zama +19, injin da ke roƙon ƙarin kusan kashi ɗaya cikin biyar na mai ke nan.

Jimillar da ba ta wuce 5 sama ko ƙasa ba, wannan injin ne mai ƙoshin lafiya. Har zuwa 10 ba abin tayar da hankali ba ne. Daga nan sama akwai dalili, ruwa ba ya tsami banza. Yawancin motoci sai gyaran ya kai wajen 20 zuwa 25 suke kunna fitila, wato ciwon yakan daɗe yana bayyana a laif data kafin kod ya fito.

Injin mai siffar V yana da ɓangare biyu, B1 da B2, kuma B1 shi ne ɓangaren da silinda ta 1 take. Wannan kyauta ce ga mai bincike. Idan ɓangarorin biyu sun hau tare, nemi abin da suka yi tarayya a kai: MAF, wato sensar da ke auna yawan iskar da ke shiga injin, famfon mai, babban tiyon iska. Idan ɗaya ne ya hau, ciwon yana gefensa: gasket ɗin manifol na wannan gefen, nozul, ko sensarsa.

Gyaran mai ya hau sama sosai. Ta yaya zan san ko iska ce ke shiga ta ɓarauniyar hanya, ko mai ne ba ya isa?

Kada ka karanta shi a yanayi ɗaya. Karanta a silo, karanta a 2,500 RPM mota na tsaye, sannan a kan hanya injin yana jan nauyi. Yadda lambar ke canzawa tsakanin ukun nan shi ne amsar.

A silo injin iska kaɗan yake sha, kuma tsotson da ke cikin manifol yana da ƙarfi. Ƙaramar tsaga a tiyo za ta shigar da iskar da MAF ba ta ƙidaya ba, kuma idan aka kwatanta da 'yar iskar silo, wannan kaso ne babba. Da ka ɗaga RPM, iskar halal ta yi yawa, ta ɓarauniyar hanya ta zama ba komai ba. Saboda haka gyaran da ya yi sama a silo ya kuma sauko a 2,500, yoyon iska ne kusan kullum.

Akasin haka, famfon da ya gaji ko matatar mai da ta toshe suna iya ciyar da silo ba wahala, sai an nemi mai da yawa su gaza. Gyara lafiya a silo, yana hawa yayin da nauyi ke ƙaruwa: duba matsin mai da geji, duba MAF. MAF mai datti tana da halinta na musamman, takan ƙara wa iska lissafi a silo ta rage mata a gudu, sai ka ga gyara yana ɗan ƙasa da sifili a silo, a kan hanya kuma ya haura +15%.

An taɓa kawo mini wata mota mai silinda huɗu da P0171, an riga an canza mata sensar oksijin har sau biyu. A silo LTFT yana +21%, STFT yana ƙara +6% a kai. Na riƙe totur a 2,500, ina kallo jimillar ta zube zuwa +5%. Na bar injin a silo, na jingina sikana a kan gilashi inda zan gan ta, na riƙa bin tiyoyin da ke manifol ina matse su da yatsu ɗaya bayan ɗaya. Da na kai kan wani ɗan gwiwar roba da ke ƙasa, wanda ido ba ya kaiwa, STFT ya faɗo daga +6% zuwa −14% cikin daƙiƙa uku, sautin injin ma ya canza. Na ciro shi, ta ƙasa ya tsage kamar tsawon farce. Sensocin nan biyu da aka cire gaskiya suke faɗa tun farko; an bar jaki ne ana dukan taiki.

Abu biyu na iya ɓata wannan lissafi. Motar da ba ta da MAF, MAP kaɗai take amfani da ita, yoyon iska ba ya cika ɗaga mata gyaran mai, silo ne yake hawa, domin MAP tana ganin iskar ko ta ina ta shigo. Sannan ɓulin salansa kafin a kai ga sensa yana jawo iskar waje, sensa ta ce mai ya yi kaɗan alhali bai yi ba.

Idan kuma ya yi ƙasa, kamar −15%?

Mai ne ke shiga fiye da lissafi, ko kuma an gaya wa kwamfuta iska ta fi yadda take. Nozul mai ɗiga, matsin mai da ya yi yawa, bawul ɗin tururin tanki da ya maƙale a buɗe, ko baƙin mai da fetur ya gauraye da shi saboda gajerun tafiye-tafiye. Na tururin tanki yana da sauƙin gwadawa: toshe tiyonsa a silo, idan lambar ta dawo kusa da sifili ka same shi. Yakan kuma sa mota ta yi wuyar tashi daidai bayan an sha mai.

Sensar oksijin tana ta hawa da sauka ba ta tsayawa. Ta lalace ne?

A'a, aikinta ke nan. Tsohuwar nau'in, wadda ke gaban katalis, wato abin da ke tsabtace hayaƙi a salansa, kuma sikana ke rubuta ta B1S1, tana lilo tsakanin 0.1V da 0.9V. Ƙasa da 0.45V ƙarancin mai, sama da haka yawan mai. Kwamfuta da gangan take ƙarawa tana ragewa domin katalis ya samu abin da yake buƙata. A 2,500 RPM, injin da zafi, ya kamata ta tsallaka tsakiya kusan sau ɗaya a daƙiƙa ko fiye. Wadda ta tsufa takan yi nawa, ko lilon nata ya ƙanƙance tsakanin 0.35V da 0.6V.

Idan ta kwanta a ƙasa ta ƙi tashi, kada ka yi saurin yanke mata hukunci. Tambaye ta tukuna. Danna totur da ƙarfi sau ɗaya: ta yi tsalle sama da 0.8V. Sake shi daga RPM mai yawa: kwamfuta za ta yanke mai, ta faɗo kusa da 0.1V. Idan ta yi duka biyun, tana da rai, kuma abin da take faɗa maka gaskiya ne.

Sababbin motoci da yawa suna da wata nau'in a gaba, mai auna haɗin kai tsaye, wadda ba ta lilo. A Toyota, misali, takan zauna wajen 3.3V a na'urar kamfani, kuma tafiyarta a juye take: hawan lamba ƙarancin mai ne. Mutane da yawa sun cire lafiyayya don sun ga ba ta motsi. Ga irin wannan, ka nemi lambar lamda: 1.00 daidai, sama da haka ƙarancin mai, ƙasa da haka yawan mai.

Ta bayan katalis, B1S2, ita natsuwa ake so daga gare ta, galibi tsakanin 0.6V da 0.8V a tafiya madaidaiciya. Idan ta koma kwaikwayon ta gaba, hawa da hawa, sauka da sauka, katalis ya daina riƙe oksijin, kuma nan P0420 ke fitowa. Kafin a sa sabo a binciki abin da ya kashe tsohon, domin katalis ba kasafai yake mutuwa da kansa ba. Injin mai fashin wuta ko mai shan baƙin mai zai cinye sabon ma.

Nawa ya kamata MAF da MAP su nuna?

Ƙiyasin da ake amfani da shi: injin da zafi, a silo, an kashe na'urar sanyi da fitilu, MAF takan nuna kusan giram 1 a daƙiƙa kan kowace lita ta girman injin, ko sama da haka kaɗan. Injin lita 2.0 ke nan tsakanin 2 zuwa 4 g/s. A cikakken totur kusa da ƙarshen RPM, kusan 80 g/s kan kowane ƙarfin doki 100. Ƙiyasi ne, ba doka ba, amma idan injin mai doki 150 ya kasa wuce 75 g/s, ko dai MAF tana rage lissafi, ko injin ba ya numfashi. Sensar oksijin ce za ta raba gardama: idan MAF ce, sensar oksijin za ta nuna ƙarancin mai a lokacin, idan salansa ce ta toshe, MAF gaskiya ta faɗa, haɗin zai zauna daidai, ƙarfi ne kawai babu.

MAP a silo takan zauna tsakanin 25 zuwa 40 kPa. A cikakken totur ta koma kusa da matsin iskar waje, sai in injin mai tobo ne, nan za ta wuce. MAP da ke nuna 55 ko 60 a silo tana nuna injin da tsotsonsa ya raunana: bawul ɗin EGR, mai mayar da wani kaso na hayaƙi cikin injin, a buɗe, taimin da ya goce, ko babban yoyo.

Zafin injin nawa ne daidai?

Yawanci tsakanin 85°C da 105°C, fanka kuma takan kama a saman wannan zangon. Allurar dashbod ba abin dogaro ba ce, a motoci da yawa an tsara ta ta zauna a tsakiya ko zafi ya ɗan hau ko ya ɗan sauka. Abin da za ka kalla shi ne tafiyar lambar: ta hau a hankali ba tsalle, ta kai inda tamostat ke buɗewa, ta tsaya nan. Idan a kan babbar hanya tana saukowa zuwa 70°C, tamostat ya maƙale a buɗe ko an cire shi, kuma P0128 na nan tafe. Ni ban goyi bayan cire tamostat ba ko kaɗan. Injin da ba ya kai zafinsa ya fi shan mai, baƙin mansa ya fi saurin lalacewa.

Soket mai tsatsa yana sa sensa ta nuna sanyi fiye da gaskiya. Ba za a samu kod ba, don lambar tana cikin iyaka, amma motar za ta riƙa zuba mai kamar kullum yanzu aka tayar da ita.

Taimin, wato lokacin da fulogi ke ba da wuta, yana ta rawa a silo, daga digiri 5 zuwa 18. Matsala ce?

Ba matsala. Kwamfuta da shi take daidaita silo, don ya fi totur saurin amsawa. Wanda ya cancanci kulawa shi ne taimin da ke ja da baya sosai lokacin hawa ko jan kaya, alamar sensar ƙwanƙwasa tana jin wani abu.

Injin yana karkarwa. Zan iya gane silindar da ke fashi?

Idan kod ya fito, ya faɗa maka: P0301 silinda ta 1, P0302 ta 2, haka har ƙarshe, P0300 kuma ba a tsaya kan ɗaya ba. Idan bai fito ba, motoci da yawa, musamman daga 2008 lokacin da tsarin CAN, hanyar da kwamfutocin mota ke magana ta kanta, ya zama dole a Amurka, suna ajiye ƙidayar fashin kowace silinda a sashe na 6 na OBD-II. Da ka ga wadda ƙidayarta ta fi, musanya koyil ɗinta da na maƙwabciyarta. Fashin ya bi koyil, ka gama. Bai bi ba, musanya fulogi, sannan nozul, sannan a auna matsin silinda.

A kula: silindar da ba ta ƙone ba tana tura iskarta ɗanya cikin salansa, ita kuma sensa oksijin take gani, ba fetur ba. Sai ta ce mai ya yi kaɗan, gyara ya hau, alhali salansa warin fetur take yi. Fitilar cek injin da ke ƙyaftawa kuma tana nufin fashin ya kai matakin ƙona katalis. A rage gudu a tsaya.

Mota tana juyawa amma ta ƙi tashi. Sikana za ta taimaka?

Kalli RPM lokacin da ake murɗa makulli. Ya kamata ya nuna wajen 150 zuwa 250. Idan ya zauna a sifili injin na juyawa, kwamfuta ba ta san yana juyawa ba, ba za ta ba da wuta ko mai ba. Nemi sensar kiranshaf da wayarta. Kalli wutar batir ma, idan tana faɗuwa ƙasa da 9.6V lokacin juyawa, a fara da batir. Idan sikana ta kasa magana da motar gaba ɗaya, duba fis da wayar ƙasa kafin ka zargi kwamfuta.

Matsalar tana zuwa tana tafiya. Duk lokacin da na duba, komai daidai.

Abu na farko, daskararren hoton da kwamfuta ke ɗauka a lokacin da kod ya faɗo, wanda ake kira firiz firem. Zai nuna maka RPM, gudu, zafi, nauyi da gyaran mai na wannan daƙiƙar. Ka je ka maimaita yanayin. Wanda kod ɗinsa ya faɗo a gudun kilomita 90 injin da zafi, ba zai ga komai ba yana tsaye a silo.

Na biyu, rage lambobin da ka zaɓa. Sikana ɗaya bayan ɗaya take tambaya, idan ka zaɓi talatin, kowace sai ta jira layi, kuma katsewar da ba ta kai rabin daƙiƙa ba za ta wuce ba ka gani ba. Tsofaffin motoci masu magana a hankali sun fi wannan matsala. Zaɓi huɗu ko biyar, mayar da su zane maimakon lambobi, ka danna naɗi. Wani ya tuƙa kai ka kalla, ko ka naɗa ka duba bayan ka tsaya. Ba a tuƙi ido na kan sikana. A tsaye kuma, girgiza wayoyi da soket kana kallon zanen, ka kiyayi fanka da bel, kada kuma ka bar injin yana aiki a rufaffen wuri.

Na dizal fa?

Can ba a maganar STFT da LTFT. Abin da ake kwatantawa shi ne abin da kwamfuta ta nema da abin da ta samu. Matsin mai a bututun tarayya, wanda a silo galibi yake wajen 25,000 zuwa 40,000 kPa, a cikakken nauyi ya haura 150,000: na nema da na samu su tafi tare. Haka matsin tobo. Idan EGR ya buɗe, MAF ta sauko, don hayaƙi ya maye gurbin wani kaso na iska. Ba ta sauko ba, bawul ɗin bai buɗe ba ko hanyar ta toshe. Gyaran da ake yi wa kowane nozul da cikar matatar toka kuwa, yawanci sai na'urar da ke jin harshen kamfani.

In goge kod kafin in fara dubawa?

Kada ka goge. Gogewa tana tafiya da firiz firem, tana mayar da gwaje-gwajen da kwamfuta ta kammala zuwa farko, a motoci da yawa kuma har LTFT take sharewa. Ka zubar da shaidunka da hannunka ke nan. Ɗauki hoton komai tukuna. Bayan gyara sai ka goge, ka tuƙa, ka ga ko gyaran mai ya zauna kusa da sifili a silo da kan hanya. Wannan ne tabbacin gyara, ba mutuwar fitila ba.

Ina kuma ba kowa shawara ya naɗi lambobin motarsa tun tana lafiya: da sanyi, a silo, a 2,500, da kan hanya. Zangon da na bayar a sama na gama-gari ne, lambobin motarka na ranar da take lafiya sun fi su daidai da ita.

Zan iya barin ƙaramar na'urar a jone kullum?

Rami na 16 a soket ɗin yana da wutar batir ko an cire makulli. Wasu na'urorin suna barci da kansu, wasu ba sa yi, wasu ma suna hana kwamfutocin motar yin barci. Idan motar za ta kwana biyu ba a tayar da ita ba, cire ta.